Daga Tauraro Zuwa Jar Hula: Yadda Ƙungiyoyin Gwagwarmaya Ke Magana da Masu Jefa Ƙuri'a a Kano



Kafin in shiga cikin abin da ya tara mu, ina so in ja hankalinku ga wata kalma guda, watau ita kanta kalmar nan "lacca". Mu a nan jami'a mun ɗauke ta abin da malami ke yi a gaban ɗalibai. Amma da za ku je Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ku sami dattijon da ya haura shekara tamanin, ku ce masa yau akwai lacca, ba allo da alli za su faɗo masa a rai ba. Abin da zai tuna shi ne fili, da teburin da mai magana ke hawa, da 'yan doka sun yi cirko-cirko a gefe. Ga yawancin Hausawa, ta ƙofar siyasa wannan kalma ta shigo musu, ba ta ƙofar makaranta ba. Wannan kuwa ya nuna cewa waɗanda suka fara neman ƙuri'ar talakan Kano sun ɗauki kansu masu koyarwa ne, suka kuma ɗauki mai sauraro mutum ne da za a iya gamsar da shi da hujja. Tambayar da nake so mu bi a yau ita ce: da wane harshe, kuma ta waɗanne hanyoyi, ƙungiyoyin gwagwarmaya suka riƙa isa ga mai jefa ƙuri'a a Kano, kuma me ya saura daga cikin wancan ɗauka da aka yi masa?

Tilas in bambance abu biyu. Jam'iyya tana da rajista da ofis da hatimi, abin da take nema kuwa kujera ce. Ƙungiyar gwagwarmaya taron mutane ce waɗanda wani abu ya dama, suna so a sauya shi, ko akwai zaɓe ko babu. A Kano sau da yawa ƙungiya ce ke ɗaukar rigar jam'iyya ta saka idan zaɓe ya zo, in rigar ta yage ta nemi wata. Wanda bai gane haka ba, siyasar Kano za ta yi ta ba shi mamaki.

Mu fara daga NEPU, watau Jam'iyyar Neman Sawaba, wadda wasu samari takwas suka kafa a Kano ran 8 ga watan Agusta, 1950. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a Maru a ƙarshen wannan shekara, ya dawo ya rungumi tafiyar, ya kuma zama shugabanta a 1953. Ku dubi abin da waɗannan mutane suka tarar a gabansu. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ba tasu ba ce. Gidan rediyo na hukuma ne. Ba a yin taro sai da izinin En'e, alhali kuwa ita En'e ɗin ce ake ƙara. Hakimi da dagaci da mai unguwa da alƙali da ɗan doka da gidan yari duk igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Sa'an nan mafi yawan waɗanda ake so a yi wa magana ba su karanta boko.

Zaɓen 1951 ya ƙara musu wani darasi mai ɗaci. Zaɓe ne na hawa-hawa: talakawa su zaɓi wakilai, wakilai su zaɓi wasu, har a kai mataki na ƙarshe. A matakin farko NEPU ta taka rawar gani a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e damar ta ƙara nata mutanen, kashi goma cikin ɗari, a matakin ƙarshe, saboda haka aka tashi ba ɗan NEPU ko ɗaya da ya shiga Majalisar Wakilai ta Kaduna. Daga nan suka gane shawo kan mutum a ranar zaɓe kaɗai ba zai fisshe su ba. Sai dai a sauya yadda yake kallon kansa, shekara da shekaru, ko da ƙuri'arsa ba ta kai ko'ina ba tukuna.

A nan ne sha'anin harshe ya shigo, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne fannina. Ku ɗauki kalmar "talaka". A asali ba matsiyaci take nufi ba. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da kuwa yana da raƙuma ɗari. Kalma ce ta ƙasƙantar da kai, wadda mutum ke faɗa yana durƙushe: ni talakanka ne, ranka ya daɗe. Abin da NEPU ta yi shi ne ta ɗauke wannan kalma daga bakin mai durƙuso ta sa ta a bakin mai tsayuwa. Sanarwar manufofinta ta 1950 ta raba al'umma gida biyu, masu riƙe da mulkin En'e a gefe guda, talakawa a gefe guda. Da wannan rabo, attajirin Kurmi da mahaucin da ke bakin kasuwa da malamin allo suka wayi gari suna da suna ɗaya. Ban san wata dabara ta siyasa a ƙasar Hausa da ta kai wannan arha da kuma tasiri ba.

Haka kuma kalmar "sawaba". Ba a nemo wata kalma mai nauyi daga littattafan Turawa ba. An ɗauko wadda kowa ya sani, wadda ake faɗa idan nauyi ya sauka ko ciwo ya lafa. Mai magana ya ce NEPU, taro ya amsa da Sawaba. Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa, watau NPC, sai ta riƙi "Salama". Ku lura da gwanintar ɓangarorin biyu, domin bai kamata mu raina na biyun ba. Mai cewa sawaba yana nufin akwai wahalar da ake ciki. Mai cewa salama yana nufin lafiya lau ake zaune, kada wani ya zo ya ta da fitina. Muhawarar shekara goma sha biyar ke nan an dunƙule ta cikin kalmomi biyu. Kalmar ta ma ƙetara iyaka, domin a Nijar jam'iyyar Djibo Bakary ta yi suna da Sawaba, ita ce ta nemi a ce wa Faransa a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, aka kuma haramta ta a 1959.

To, su wa suka ɗauki saƙon? Akwai jarida, gaskiya ne. Comet, wadda ake bugawa a Kano, tana da shafin Hausa, Tanko Yakasai ya yi aikin editansa, mutum ɗaya ya karanta wa goma. Amma babbar jaridar NEPU mutane ne. Shi kansa Tanko Yakasai da ɗinki ya fara, teloli kuwa sun yi yawa a cikin tafiyar. Dalilin a fili yake. Tela ba ya cin albashin En'e, balle a kore shi. Hannunsa da ƙafarsa ne ke aiki, bakinsa da kunnensa a sake suke. Rumfarsa kuwa ba ta rabuwa da masu jira. Haka ɗan koli da direba da ɗan kamasho a tasha: duk mutanen da sana'arsu ke haɗa su da baƙi, kuma abincinsu ba ya hannun hakimi.

Sai waƙa. Ba NEPU ce ta ƙago amfani da rubutacciyar waƙa don jan hankalin jama'a ba. Malaman jihadi sun riga ta da fiye da ƙarni guda. Abin da Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja suka yi shi ne, sun ɗauki tukunyar da aka saba dafa wa'azi a ciki, da ma'auninta da amsa-amonta da buɗewarta da sunan Allah, suka dafa siyasa. Kunnen da ya saba karɓar gaskiya a cikin wannan siga sai ya karɓi sabon saƙon da irin wancan girmamawa. NPC ma tana da nata mawaƙan, martani kuwa na bin martani. Amfanin waƙa ga wanda aka takura shi ne, ba ta bukatar izinin taro. Ana iya ƙwace takarda, ba a iya ƙwace abin da aka haddace. Daɗin daɗawa, waƙa tana shiga inda mai lacca ba ya shiga: yaro ya ji ta a dandali, ya shiga da ita cikin gida wurin uwarsa da ke kulle. A ganina bai kamata a raba wannan da dokar da Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1958 ba, wadda ta hana yara shiga harkokin siyasa. Hujjar da aka bayar ita ce kare tarbiyya, kuma ba na cewa hujjar banza ce. Amma wanda duk ya san aikin da yara ke yi wajen yawo da waƙa, ya san wane ɓangare dokar ta fi taɓawa.

Malam Aminu shi kansa ya ƙara da wani abu da abokan hamayyarsa suka rasa yadda za su yi da shi, watau ilmin addini. An yi ta jifan 'yan NEPU da cewa marasa kunya ne, masu raina na gaba. Shi kuwa sai ya amsa da aya da hadisi da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu a kan adalcin shugaba, ya nuna cewa abin da yake nema shi ne abin da aka kafa daular a kansa tun farko.

Batun alama gajere ne. A zaɓen 1959 kowace jam'iyya da akwatinta, an manna alamarta a jiki, mutum ya shiga ya jefa takardarsa. NEPU tauraro, NPC fartanya. A wannan zaɓe ne Cif Awolowo ya shigo Arewa da jirgi mai saukar ungulu yana watsa takardu daga sama. Jama'a sun fito kallo ƙwarai, amma kallo daban, ƙuri'a daban. Cikin kujeru 174 na Arewa NPC ta ɗauki 134, NEPU da abokiyar ƙawancenta suka sami 8, ɗaya daga ciki ita ce ta Malam Aminu a Kano ta Gabas. Kada mu ɓoye wannan: duk da gwanintar harshen da na bayyana, NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Magana mai daɗi ba ta rinjayi alƙali da gidan yari da 'yan Jam'iyyar Mahaukata ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, NEPU ta yi ta magana da waɗanda ba su da ƙuri'a sam. Matan Arewa ba su sami ikon zaɓe ba sai a 1976. Duk da haka tun cikin shekarun 1950 Hajiya Gambo Sawaba take shiga gidaje tana tara mata, aka ɗaure ta sau da dama, aka kuma kore ta daga Kano. Ɗan siyasar da ke lissafin zaɓen bana ba zai ɓata lokacinsa haka ba. Ribar wannan aiki sai bayan shekara ashirin da wani abu ta fito.

Ta fito ne a 1979. Soja sun ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, aka kafa PRP, alamarta mabuɗi, kirarinta Nasara, NPN kuwa Aminci. Jam'iyyar da ba ta cika shekara guda ba ta ci gwamnan Kano da Muhammadu Abubakar Rimi, ta ci na Kaduna da Balarabe Musa. Ba a cikin watanni goma aka yi wannan aiki ba. Tsohuwar gona ce aka girbe. Saƙon kuma ya kasance abin da ake iya taɓawa da hannu: za a soke haraji da jangali. Aka kuwa soke su. Ba a bukatar mai fassara ya gaya wa manomi ma'anar wannan.

Daga nan ƙungiya ta sami abin da ba ta taɓa samu ba, watau kayan maganar gwamnati. Gidan Rediyon Kano ya koma hannunta, aka kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980, daga baya ya riƙa fitar da Albishir da boko, Alfijir da ajami. Sai dai bakin da aka wasa don sarakuna da NPN ya juyo cikin gida. PRP ta dare biyu, Santsi da Taɓo, sunayen da su kansu zambo ne. Ran 10 ga watan Yuli, 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, aka yi tarzomar da aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, wanda shi ma tsohon ma'aikacin rediyo ne. Cikin wuraren da aka auka wa har da gidan rediyon da ofishin Triumph. Masu tarzomar sun san inda muryar take. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, soja kuma suka rufe wannan babi a ranar ƙarshe ta shekarar.

Yanzu mu komo Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. A zamanin NEPU waɗannan wurare ƙauyuka ne da gonaki a bayan ganuwa. Yau Tarauni ƙaramar hukuma ce mai mazaɓu goma, cikinsu har da Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku, asibitin koyarwa da ke ɗauke da sunan Malam Aminu kuwa yana nan a bakin titin Zariya. Na zaɓi wannan yanki ne domin ya bambanta da cikin birni. A Yakasai ko Gwammaja mutum ya san kakan maƙwabcinsa, kuma sau da yawa gida guda ra'ayi guda. A nan kuwa ma'aikacin asibiti daga Katsina, da ɗan kasuwa daga Haɗeja, da ɗan asalin wurin da ya sayar da gonar ubansa, katanga ɗaya ta raba su. Babu zaure guda da za a shiga a ɗauko ƙuri'ar layi. Saboda haka mai neman jama'a tilas ya bi ta wuraren da baƙi ke zama 'yan'uwa: majalisar ƙofar gida bayan la'asar, teburin mai shayi, masallacin unguwa, makarantar Islamiyya ta matan aure, ƙungiyar 'yan kasuwar Tarauni, da cikin a-daidaita-sahu, wanda shi ma sunansa daga wani shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ya samo shi. Direban a-daidaita-sahu shi ne telan wannan zamani.

Shi Malam Shekarau ɗin, zaɓensa na 2003 misali ne na ƙungiya da ta ari rigar jam'iyya. Masu fafutukar aiwatar da Shari'a da malamai da ma'aikata suka haɗu da guguwar Janar Muhammadu Buhari, aka ka da gwamna mai ci. Kalmar da ta yi aiki a lokacin gaɓa ɗaya ce tak: "sak". Daga baya aka zo da "a kasa, a tsare, a raka", wanda aka aro daga bakin masu talla. Ku lura, wannan ba bayanin manufa ba ne, umarni ne ga mai zaɓe ya zama mai gadin ƙuri'arsa, abin da ke nuna inda tsoron jama'a ya koma.

A ƙarshen 2003 aka buɗe Freedom Radio, gidan rediyo mai zaman kansa a Kano, shirye-shirye irin su Kowane Gauta suka ba ɗan siyasa na ƙasa damar ya yi magana gari duka ya ji. Alheri ne babba. Abin da 'yan NEPU suka sha ɗauri dominsa ke nan. Amma daga nan ne kuma aka sami sana'ar da Kanawa suka raɗa wa suna "sojojin baka". Sunan ya isa sharhi. Soja ba ya tambayar dalilin yaƙi, kuma wanda ya ba shi kaki shi yake wa aiki. Haka sha'anin waƙa: Dauda Kahutu Rarara ya nuna a 2015 cewa har yanzu waƙa na iya cika gari, sai dai mawaƙin yau ɗan kwangila ne a fili, ba ya ma ɓoyewa. Ina tuna wani tsohon tela a wajen Court Road, Allah ya jiƙansa, wanda na riƙa zama wurinsa ina ɗalibi. Ya ajiye katinsa na NEPU a cikin gwangwanin zare. Abin da ya fi nanatawa shi ne, da kuɗinsa ya saye shi. A wancan zamani mai sauraro ne ke biya don a ci gaba da magana. Yanzu shi ake biya, da atamfa ko taliya ko sabulu, don ya zo ya tsaya.

Kada a ce na yi wa zamani rashin adalci. Kwankwasiyya ta nuna cewa tsohuwar dabarar tana da rai. Jar hula da farar riga daga shigar Malam Aminu aka ɗauko su, kuma hula ta fi fosta, domin tana tafiya da ƙafafunta, tana shiga masallaci da ɗaurin aure, ba a kuma yage ta da dare. Ɗaliban da aka tura karatu ƙasashen waje sun zama hujja mai rai a unguwanninsu. Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya shiga NNPP a 2022, jam'iyyar da kafin nan ba kowa ya san alamarta ta kwandon kayan marmari ba a Kano. Cikin shekara guda, a zaɓen gwamna na 2023, Abba Kabir Yusuf ya sami ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna ya sami 890,705. Wannan ya yi kama da 1979. Bambancin da nake gani shi ne na suna. Ta farko an kira ta da abin da take nema, watau sawaba. Ta biyu, da Gandujiyya da Buhariyya da sauran takwarorinta, an kira su da sunayen mutane. Idan ƙungiya ta ɗauki sunan manufa, ana iya tsare shugabanta da ita a ce ya kauce. Idan ta ɗauki sunan shugaba, duk inda ya juya nan ne alƙibla.

Wayar hannu kuwa, wadda ta shigo a 2001, ta yi wani abin da ba a zata ba: ta mai da mu ga baki da kunne. Saƙon murya na WhatsApp ba ya bukatar boko ko ajami, yana kuma shiga ɗakin matar aure ba tare da ɗan aike ba. Sai dai waƙar Mudi Sipikin tana da mai ita, an san wanda za a kama in ƙarya ce. Muryar da ke yawo a waya daren jajiberin zaɓe galibi ba ta da uba.

Ga wani lissafi da ya kamata ya dame mu. A 2023 mutum miliyan 5.9 ne suka yi rajistar zaɓe a Jihar Kano. A zaɓen shugaban ƙasa, inda Kwankwaso ya sami 997,279, Bola Tinubu ya sami 517,341, duk waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Watau a lokacin da gidajen rediyo suka fi yawa, waya ke kowane aljihu, fosta ta rufe kowace katanga daga Dangi zuwa Unguwa Uku, mutum biyu cikin uku sun ji duk abin da aka faɗa, suka zauna a gida. Ba rashin jin saƙo ne ya hana su ba.

Ina da roƙo ga ɗalibanmu na Sashen Hausa, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu a Gwammaja, yana ajiye da takardu, amma takarda ba ta riƙe abin da aka faɗa a rumfar tela ba. Dattawan da suka halarci laccocin NEPU saura ƙalilan, matan da suka fara jefa ƙuri'a a 1976 da 1979 su ma sun manyanta. Ku ɗauki wayoyin nan naku ku shiga Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa da Tarauni ku naɗo muryoyinsu. Ku kuma riƙa adana saƙonnin murya da shirye-shiryen sojojin baka na lokacin zaɓe, da ranar da aka yi kowanne, domin su sun fi waƙar ajami saurin ɓata.

Shugaba, nan zan dakata, in akwai masu tambaya. Wassalamu alaikum.